Rigimar kyaftin a teburinmu

Salam mutumina Sadiq, ya Legas, ya aiki? Mu nan Jos sanyi ya sauko sosai. Su Umma duk suna lafiya.

Wasan jarumai na ranar Asabar, wanda muke zama a tebur kowa ya ɗau jarumi ɗaya mu tsara labari tare, yana nan bai mutu ba tun tafiyarka, sai dai gardama ta ɓarke, wai dole ne tawaga ta yi shugaba ko a bar kowa ya yi ta kansa. Bashir ya ce sam, shi wasa ya zo ba aikin soja ba, kuma wallahi na gane shi, don da ka ce wa mutum kai ne oga sai ya fara tsara wa kowa abin da jaruminsa zai yi, masu kunya su yi tsit suna jefa dayis kawai, mai jan labari ma ya koma da mutum ɗaya yake magana.

Amma ni dai ina ganin ana buƙatar shugaba, a cikin labarin, lokacin faɗa kaɗai. Wancan makon mugun labarin ya kunna wuta a kasuwa, wannan ya bi mota, wancan ya tashi sama, ba wanda ya tuna da mutanen da ke ciki, muna ta musu har ya tsere. Jirgi ɗaya matuƙa biyar kenan.

Dokar Masks, wani wasan tebur na jarumai, ce ta ƙara min ƙarfi. Kafin a shiga faɗa da babban maƙiyi sai an faɗi waye shugaba, in duk 'yan tawaga suna jin maganarsa a ƙara musu maki na haɗin kai, in ko mutum ɗaya bai yarda da shi ba a rage. Ka ga shugabancin nan amana ce ake aunawa, kuma jarumi ne ke jan jarumai, ba Bashir ke mulkin Zainab a kan tebur ba. Ba sai mai ƙarfi ba ma, a labaran zane na tawagar jarumai ta X-Men, a 1986 jaruma Storm ta kayar da jarumi Cyclops ta riƙe jagorancin tawagar alhali a lokacin ba ta da ikonta ko kaɗan.

Shi ya sa nake so a ba jarumar Zainab, wadda ke jin tunanin mutane, ita ce ke sauraron kowa kafin ta yi magana. Asabar bayan la'asar za mu kaɗa ƙuri'a, don Allah ka sa data mu kira ka ta WhatsApp, har yanzu jaruminka yana cikin tawaga kuma kana da baki a ciki.

Ka gaida madam.
Naka, Nura