Sanarwa Game da Ƴan'uwanmu da Suka Ja da Baya

Ƴan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Akwai waɗanda a da ba sa fashin zumunta, yanzu kuwa saƙonninmu na wannan rukuni kawai suke karantawa ba tare da sun ce uffan ba. Ja da baya ba ya faruwa dare ɗaya. Addu'ar safe ce ke fara gajarcewa, Littafi Mai Tsarki ya yi ƙura a kan tebur, sannan kunya ta hana mutum komawa sujada ko da zuciyarsa na marmari. A ganina, kunyar nan ta fi zunubin farko riƙe mutum nesa da Allah.

Mu tuna da Bitrus, wanda ya yi musun sanin Ubangiji sau 3, ya fita waje ya yi kuka mai zafi. A Yohanna 21, bayan Yesu ya tashi daga matattu, bai goranta masa ba, sai ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Yahuza Iskariyoti ma, wanda ya ci amanar Yesu, ya yi nadama har ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi, amma bai komo wurin Ubangiji ba, tuba kuwa ba ta cika sai da komowa da furta zunubi, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta koyar.

Don Allah kada a ambaci sunan kowa a nan. Wanda ya san ɗan'uwa cikin wannan hali ya neme shi a keɓe, cikin tawali'u. Mai son a yi addu'a tare da shi ya aiko wa masu kula da rukunin saƙo, za a rufa masa asiri.