Injin lantarki ba zai maye gurbin hannun Inna ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne masu tallan "injin tausa" da suka cika kasuwar ƙauyenmu da lasifika, suna rantsuwa wai yana warkar da shanyewar jiki cikin mako guda.

Ƙanwata tana fama da cutar da likitoci ke kira MS. An ce iska ce, an ce sammu ne, mun sha hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi, kafin hoton MRI a Kano ya nuna gaskiya. Garkuwar jiki ce ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gwaigwaye robar wayar wuta. Saƙo sai ya rikice, tsoka ta ƙage. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Da asuba ƙafarta takan sandare kamar taɓarya. Likitan gashi, wato mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi a asibiti, ya koya wa Inna yadda za ta tallafe diddige da hannu ɗaya, ta tura tafin ƙafar sama sannu a hankali, ta ƙirga 30, ba fizga. Tana yi tana cewa, "Daure, 'yar nan." Watan Afrilu kuwa sai mun jira sanyin la'asar, don zafi na tayar da ciwon.

Injin ma muna da shi, ana ce masa TENS, yana tura 'yar wutar lantarki ta faifan da ake mannawa a fata, bai wuce ƙaramar rediyo ba. Likitan ne ya nuna inda za a manna faifan da ƙarfin da za a murɗa. Yana rage zafi da ɗaurewar na ɗan lokaci, shi ke nan. Makon da Inna ta tafi biki muka dogara da shi kaɗai, ƙafar ta koma gidan jiya. Ga baclofen, maganin sassauta tsoka da take sha, yana sa ta barci, shi ya sa ba ma wasa da miƙa ƙafar.

Masu tallan nan ba sa gaya wa kowa cewa mai farfaɗiya, mai ciki, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya sai da izinin likita, kuma ba a manna shi a maƙogwaro.

Don Allah ku gayyato likitan gashi cikin shirinku na lafiya. Mu a nan, kuɗin motar zuwa Dutse kaɗai ya ishi mutum tunani.

Naka mai sauraro,
daga wani ƙauye kusa da Ringim, Jigawa