Malam Edita, gahawa ba maganin zazzaɓi ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da kai da abokan aiki, ya zafi, mu dai nan Sakkwato sai addu'a.

Dalilin wagga wasiƙa wata gardama ce da ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta Mabera. Kullum aka ce gahawa sai wani ya yamutsa fuska ya ce ai wannan maɗaci ne, abin direbobin dare ne da ɗalibai masu jarrabawa. Ni kuma ina ce musu wallahi ba ku taɓa shan gahawa ba, abin da kuka sani shi ne ɗan garin nan na leda da mai shayi ke barbaɗawa a kofi ya bi shi da madara da siga cokali huɗu, wanda in da gaskiya za a bi madarar kuke sha. Wancan an riga an dafa shi a masana'anta an busar, narkewa kawai yake. Wadda nike magana ita ce ta ƙwaya, a niƙa, a zuba a mazurari mai takardar tacewa, a riƙa tsiyaya ruwan zafi a kai sannu sannu tana ɗiga cikin kofi.

Wani ƙanena da ke aiki Abuja ya fara kawo min bara da sallah, ƙwayar Habasha rabin kilo da wani ɗan mazurari na roba wai shi V60, na kamfanin Hario na Japan, sunan daga siffarsa ne, kamar harafin V mai kusurwa 60. Na yi masa dariya na ce yaro Abuja ta koya maka iyayi. Ashe ni za ta kama.

Ranar farko dai ban ji da daɗi ba. Ya koma bai bar min injin niƙa ba, sai na ɗauki ƙaramin turmin uwargida na daka, ban tuna cewa nan take dakan yaji da daddawa ba, gahawa ta fito tana ƙamshin miyar kuka, kuma saboda rowa sai da na shanye. Da takardun da ya bari sunka ƙare na gwada da tishu, ruwa na taɓa shi ya ɓarke komai ya zube cikin kofi. Uwargida tana tsaye bakin kicin ta ce Malam in kunu kake so ka faɗa mana a dama maka. Yanzu ina da turmina daban, kuma in babu takarda farin ƙyalle mai tsabta yana yi, sai dai a wanke shi da ruwan zafi zalla ban da sabulu mai ƙamshi.

Ita takardar ma ba wani abin kimiyya ba ce. Wata matar aure ce a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tsakin gahawa a baki, a 1908 ta huhhuda gindin wani gwangwanin tagulla ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta, shi ke nan. Har yau sunanta kamfanin ke amsawa. To in matar gida ta fara da gwangwani, mu da ke da mazurari da rariya a kowane gida mi zai hana mu?

Ga yadda nike yi bayan asuba. Awo shi ne kusan giram 15 na gari ga ruwa mililita 250, wanda ba ya da sikeli kar ya damu, cokalin cin abinci uku ba tsororo, ruwa kuma rabin ledar fiya wata tunda ita 500 ce. Ruwan leda nike amfani da shi don na rijiyarmu yana da ɗan gishiri gishiri kuma yana kashe ɗanɗanon. Niƙan kar ya yi laushi kamar fulawa, kar kuma ya yi gwaragwara, kamar ƙaramin tsaki dai. In ruwa ya tafasa na sauke buta na bar shi kamar rabin minti ya huce kaɗan, masana suna cewa tsakanin digiri 90 zuwa 96. Na fara jiƙa takardar da ruwan zafi na zubar, don in ba haka ba za ka ji warin kwali. Sannan gari.

Nan ne wurin da nike so, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Ba a juye ruwan duka. Ɗan kaɗan za ka zuba iya abin da zai jiƙa garin, sai ka tsaya. In ƙwayar sabuwa ce za ka ga garin ya kumburo yana ƴan kumfa kamar ƙullin masa ya tashi, iskar da ta maƙale ciki tun wajen suya ce ke fita, ƙamshi ya cika tsakar gida har yara su leƙo. In bai motsa ba ya kwanta shiru to ƙwayar ta tsufa, an sayar maka da tsohon kaya. Bayan daƙiƙa 30 zuwa 45 sai ka ci gaba da tsiyayawa siriri kana kewayawa daga tsakiya, ka tsaya ya sauka, ka ƙara, duka duka minti uku ne. In ya wuce da sauri ya fito salam da tsami niƙan ya yi gwaragwara, in ya tsaya yana ɗiga kamar famfon unguwarmu ya fito da ɗaci to ya yi laushi da yawa. Butar alwala sabuwa ma na taɓa tunanin gwadawa don bakinta siriri, amma roba ce, na fasa.

Kawuna da ya fi kowa zagin abin na ba shi ba siga, da dabino biyu. Ya kurɓa ya yi shiru, ya ce wanga ba shi ne na mai shayi ba. Bai ce ya yi daɗi ba, Basakkwace ne, amma ya miƙo kofi a ƙara. Sai dai na hana shi bayan la'asar don tana kore barci, sinadarin da ke cikinta shi ne dai ke cikin goro, kuma mai hawan jini ya fara tambayar likita.

Abin da ke ci min rai, Malam Edita, shi ne samun ƙwayar. Ana noman gahawa a ƙasar nan, a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kuma wajen Filato, amma ni na zaga shagunan da na sani har cikin babbar kasuwa, ta gwangwani da ta leda kawai nike gani, dole sai na jira mai zuwa daga Abuja ko Kano. Don Allah ku tura wakilinku Gembu, can kan tsaunin Mambila, ya gano mana manoman nan, nawa suke sayar da mudu, wa ke saye, ina take zuwa. Ƴan kasuwarmu masu kawo ganyen shayi buhu buhu su ma su gwada ko da ɗan kaɗan ne, ni dai da kawu mun zama kwastoma biyu.

Naka mai karatu kullum,
daga Mabera, Sakkwato.