Wasiƙa daga kan gado

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya aiki? Na ga saƙonka tuntuni, amsar ce sai yanzu, kasan yanayin jikin nawa.

Ka tambaya wai har yanzu gajiyar ce. Ita ce dai, amma dan Allah ka daina ce min in fita in motsa jiki zan ware. Wannan ciwon nawa na matsananciyar gajiya mai daɗewa, da ake kira ME/CFS, bacci baya maganinsa, zan kwana in tashi kamar ban runtsa ba, kuma muguntarsa ita ce baya kama ka lokacin da kake aikin, sai bayan awa 12 zuwa 48 ya zo ya kwantar da kai, wani lokacin kwanaki, kai yayi nauyi, kana magana kalma ta ɓace maka, haske da ƙara duk su dame ka. Ko a Ingila ma hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya a 2021 ta janye shawarar nan ta ƙara motsa jiki mataki-mataki, bayan marasa lafiya sun daɗe suna cewa ƙara musu ciwo take. Ni yanzu auna ƙarfina nake, in nayi wanka yau to doguwar hira sai gobe.

Abin da yafi ci min rai, tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa shi cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, amma da gwajin jini ya fito lafiya lau sai kaji ance damuwa ce, ko lalaci. Sai da korona ta bar mutane da irin wannan halin wasu likitocin suka fara saurarenmu.

Shi yasa na shiga harkar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, kuma wallahi can ma da sauran aiki. Wani ya kalle ni sama da ƙasa yace kai kuma mece ce nakasarka, tunda ba sanda ba keke. Alhali yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta haɗa da lalurar da ta daɗe tana hana mutum shiga jama'a, ko ana ganinta ko ba'a gani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon nan basa iya fita daga gida, to taron awa biyar a zaune wa aka shirya wa? Abin da nake ta naci a kai kenan, a bari mu shiga taro ta intanet, a rage tsawonsa, a wurin aiki a sassauta lokaci. A wasu ƙasashen, wajen 12 ga Mayu, ranar wayar da kai kan ciwon nan, takalma ake jerawa a fili a madadin waɗanda suka kasa zuwa, ina so muyi irinsa.

In zaka kira ka turo saƙo tukuna, in ban ɗauka ba kar ka ce fushi nake. Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokinka