Ba tsawon 'yan wasa ne ya ba UConn kofin 2024 ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasanni in yi bayani kan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, wanda jaridunmu ba su cika waiwaya ba sai wani ɗan Afirka ya tsallaka NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Ko an taɓo shi ma, sakamako kawai ake bayarwa, a ƙara da cewa ƙungiya kaza ta yi nasara saboda tana da dogaye. Kakar 2023 zuwa 2024 ta ƙungiyar maza ta Jami'ar Connecticut, wadda aka fi sani da UConn, ta isa ta rushe wannan magana. A wasan ƙarshe na waccan shekara, wanda ya fi kowa tsawo a filin, ya kuma fi kowa cin maki, yana ɓangaren da aka doke ne.

Sai an san dokokin wasan jami'a kafin a gane dabarar, domin sun bambanta da na NBA. Minti 40 ake yi, kashi biyu, kowane minti 20. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, ba 24 ba, kuma idan ta jefa ƙwallon ta daki bakin kwando ta dawo hannunta, agogon yana komawa 20. Ɗan wasan da ya yi ƙeta biyar ya fita ke nan, a NBA kuwa sai shida. Layin jifa mai maki uku yana nisan mita 6.75 daga kwando. Sannan babu dokar da ta hana mai tsaro ya kafe a gindin kwando fiye da daƙiƙa uku. A riƙe wannan ta ƙarshen, don a kanta aka gina tsaron UConn. Gasar ƙarshen kaka ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kuma ƙungiyoyi 68 ne a 2024, sili ɗaya ƙwale, aka doke ka sau ɗaya sai gida.

UConn ta ɗauki kofin 2023 bayan ta doke San Diego State da 76 da 59 a Houston. Gwarzon gasar shi ne Adama Sanogo ɗan ƙasar Mali, wanda ya buga wasannin ƙarshe yana azumin Ramadan. Daga nan shi da Jordan Hawkins da Andre Jackson suka tafi neman NBA, wato uku daga cikin biyar ɗin da ke fara wasa. A al'ada, ƙungiyar da ta yi irin wannan rashi shekara guda take yi tana farfaɗowa. Koci Dan Hurley, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2018 daga Rhode Island, bai je neman wanda zai maye gurbin kowane ɗaya da kamanninsa ba. Abin da tsarinsa ke buƙata ya duba. Ya ɗauko Cam Spencer daga Rutgers, mutumin da ba gudu ko tsalle gare shi ba, amma yana jefa mai maki uku yana cikin motsi, ya kuma ci kusan kashi 44 cikin 100 na waɗanda ya jefa a kakar. Ya kawo Stephon Castle, sabon ɗalibi, ya ɗora masa gadin wanda ya fi haɗari a cikin abokan hamayya. Donovan Clingan mai mita 2.18, wanda a kakar da ta gabata yake zaman benci bayan Sanogo, ya koma farawa. Tristen Newton, da ya zo daga East Carolina a 2022, ya ci gaba da raba ƙwallo, Alex Karaban kuma yana gefe yana jifa daga nesa. Duka biyar ɗin sun ƙare kakar kowa yana cin tsakanin maki 11 da 15 a wasa. Babu mai cin 20, saboda haka babu wanda za a ce in an danne shi an gama.

Ga yadda harin yake tafiya. Yawancin ƙungiyoyin jami'a dabara ɗaya suke maimaitawa: dogo ya zo ya tsaya a matsayin shinge ga mai riƙe da ƙwallo, sauran uku su tsaya a gefe suna jira. UConn ba ta barin kowa tsaye. Newton zai miƙa wa dogon a saman layin jifan kyauta, ya yanka ya wuce. A daidai lokacin Spencer ya taso daga kusurwa yana bi ta jikin mutum biyu da suka jeru masa shinge ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya karɓi ƙwallon hannu da hannu daga dogon. Mai gadinsa yana da zaɓi uku, kowanne da amsarsa. In ya bi ta bayan shingen don ya yanke hanya, Spencer ya samu sarari ya jefa. In ya manne masa a baya, Spencer ya lanƙwasa zuwa kwando, dogon abokan hamayya ya fito tararsa, a ɗaga wa Clingan ƙwallo sama. In kuma masu tsaron suka yi musayar wanda kowa ke gadi, wanda ya yi shingen ya sulale kwando kafin su gama fahimtar juna, ko kuma gajere ya tsinci kansa yana gadin Clingan. Idan duk wannan bai ba da komai ba, ba a tsayawa, sai a juya ƙwallon ɗaya ɓangaren a fara wani zagayen. Sau da yawa sai an ci daƙiƙa 20 ko fiye kafin a jefa. Shi ya sa ƙungiyar ba ta cikin masu saurin wasa, amma kusan duk hari yana ƙarewa da jifa mai kyau. Mataimakin Hurley a lokacin, Luke Murray, yana da hannu sosai a wannan, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa daga ƙungiyoyin Turai suka kwaso da yawa daga cikin waɗannan dabaru.

Masu son kwaikwayo su san inda abin ke ɓaci. Mai yin shinge dole ya kafa ƙafafunsa kafin mai tsaro ya ci karo da shi. Ya motsa kafaɗa ko ƙugu, alƙalin wasa zai busa masa ƙeta, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Mai gudu kuma in ya taso da wuri, kafin shingen ya zauna, shi ne ya jawo wa abokinsa wannan ƙetar. In ya bar tazara tsakanin kafaɗarsa da ta mai shingen, mai gadi zai kutsa ta nan, aikin ya tashi a banza. Ga kuma agogo: tsarin da ke cin daƙiƙa 20 ba ya barin lokacin gyara, kuskure ɗaya sai a ƙare da jifan dole. Saboda haka ba kowane gwani ne ya dace da shi ba. Yaron da ya saba riƙe ƙwallo shi kaɗai tun makarantar sakandare ba zai yarda ya yi gudu sau huɗu ba tare da ya taɓa ta ba.

Tsaron ya fi sauƙin bayani. Masu gadin waje suna manne wa masu jifan nesa, suna bi ta saman shinge, ba sa barin a jefa mai maki uku cikin natsuwa. Clingan ba ya fitowa, yana ja da baya ya tsare gindin kwando. Abin da aka bar wa abokin hamayya shi ne jifa daga tsakiyar tazara, mai maki biyu, wanda shi ne mafi ƙarancin riba a wasan. Clingan kusan minti 22 kawai yake bugawa a wasa, don dogo irinsa yana saurin gajiya da tara ƙeta. In ya fita sai Samson Johnson ɗan ƙasar Togo ya shiga, shi kuma ya fi sauri, sai tsarin ya canza, ya riƙa fitowa har wajen layin maki uku yana tare mai ƙwallo. Wato a wasa ɗaya abokin hamayya yana fuskantar tsaro iri biyu. Hassan Diarra, wanda aka zaɓa mafi kyawun mai shigowa daga benci a Big East, rukunin jami'o'in da UConn ke ciki, shi ke takura wa mai ƙwallo tun daga tsakiyar fili.

Wasa 40 suka buga, suka ci 37. Ukun da suka rasa duk a gidan abokan hamayya ne, kuma kowanne yana da dalili. Kansas ta doke su 69 da 65 a Disamba, Castle yana jinyar gwiwa. Seton Hall ta yi musu 75 da 60 a daren da Clingan ya ji ciwo a ƙafa, ciwon da ya zaunar da shi wasa biyar, amma duk suka ci biyar ɗin. Na ukun ne ya fi koyarwa. A Fabrairu Creighton ta lallasa su 85 da 66, ta ci masu maki uku 14, ita UConn uku kacal. Wannan shi ne raunin tsarin: in aka samu ƙungiyar da masu raba ƙwallonta ke iya jefawa daga can nesa da zarar sun wuce shinge, dogon da ya ja baya ba shi da amfani. Daga wannan daren ba a sake doke su ba, wasa 13 a jere, ciki har da kofin Big East da suka karɓe daga Marquette da 73 da 57.

A gasar NCAA sun doke Stetson da tazarar 39, Northwestern 17, San Diego State 30, Illinois 25, Alabama 14, Purdue 15. Jimilla 140, tazarar da babu zakaran da ya taɓa tarawa. Wasan Illinois a Boston ana 23 da 23 daf da hutun rabin lokaci, sai UConn ta ci maki 30 a jere ba a rama ko ɗaya ba. Illinois ta nace sai ta kai ƙwallo gindin kwando, wato daidai inda ake jiranta, Clingan ya tashi da maki 22 ya kuma kakkaɓe jifa biyar. A ganina kuskuren kocin Illinois ne da bai canza hanya ba bayan ya ga abin da ke faruwa. Alabama ta gwada maganin Creighton, ta ci masu maki uku 11, har aka yi 56 da 56 a kashi na biyu, amma jifan nesa ba ya ɗorewa minti 40 in ƙafa ta gaji, UConn kuwa ba ta zubar da ƙwallo.

Sai wasan ƙarshe, 8 ga Afrilu 2024, a Glendale ta jihar Arizona. Purdue tana da Zach Edey ɗan Kanada, mita 2.24, gwarzon ɗan wasan jami'o'i shekara biyu a jere. Duk kakar ƙungiyoyi suna tura masa mutum biyu, shi kuma ya fitar da ƙwallon ga wanda aka bari, kuma Purdue tana cin kusan kashi 40 cikin 100 na masu maki uku, tana jefa kusan 20 a wasa. Hurley ya ƙi tura na biyun. Ya bar Clingan da Edey su biyu, sauran huɗu kowa ya riƙe nasa a waje. Lissafin a fili yake: ko Edey ya ci 35 ko 40, bibbiyu zai riƙa ci, kuma in sauran ba su kai 25 ba, Purdue ba za ta haura 65 ba. Haka aka yi. Edey ya ci 37, sauran 'yan ƙungiyar gaba ɗaya 23. Masu maki uku bakwai kawai suka iya jefawa, ɗaya ta shiga. A ɗaya ɓangaren kuma an riƙa jan Edey zuwa inda ake shinge, kusan duk wasan bai huta ba, sai ga shi a farkon kashi na biyu jifansa ya fara kaucewa. An tafi hutu 36 da 30, aka tashi 75 da 60. Newton ya ci 20 ya zama gwarzon gasar. Kofi na shida ke nan ga jami'ar, bayan na 1999, 2004, 2011, 2014 da 2023, kuma karon farko da wata ƙungiya ta kare kambunta tun Florida a 2006 da 2007.

Kada a ɗauka ina cewa koci shi ne komai. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 2024, Castle ya tafi San Antonio a zaɓi na huɗu, Clingan Portland a na bakwai, Newton da Spencer a zagaye na biyu. Hurley ya ƙi tayin Los Angeles Lakers na dala miliyan 70 a shekara shida ya zauna, tsarin harin bai canza ba, amma babu mai tsare kwando kamar Clingan, babu mai gadi kamar Castle. A Nuwamba 2024 suka rasa wasa uku a jere a gasar Maui, hannun Memphis da Colorado da Dayton. A na Memphis, zafin ran Hurley kansa ya jawo aka busa masa laifin gardama da alƙalin wasa a ƙarin lokaci, aka ba Memphis jifan kyauta, wasan kuwa 99 da 97 ya ƙare. Kakar ta tsaya a zagaye na biyu na gasar NCAA, inda Florida ta fitar da su da 77 da 75, ita kuma ta wuce ta ɗauki kofin.

Roƙona ga masu rubuta shafin wasanni shi ne, in za a kawo rahoton irin waɗannan wasanni, a haɗa da adadin masu maki uku da kowace ƙungiya ta jefa da waɗanda suka shiga, da yawan ƙwallon da ta zubar, da mintunan da dogayenta suka buga.

Wassalam,
Mai karatu, mai bibiyar ƙwallon kwando.