Sanarwa: zaman haɗa koke-koken da za a kai wa Sanata

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa na wannan rukuni, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa, nan Yelwa a Garwa. Majalisar Dattawa za ta koma zama a Yawunde cikin Nuwamba, zaman kasafin kuɗi ke nan. Jiharmu ta Arewa a nan Kamaru tana da sanatoci 10, kuma ɗaya daga cikinsu ya yarda ya karɓi takardarmu kafin ya tafi.

Kowa ya zo da kokensa a rubuce, gajere. Masu kiwo, ku faɗi abin da garkuwa da mutane a Mayo-Rey ya jawo muku. Iyaye mata, don Allah kada ku yi shiru kan makaranta. Na leƙa ajin ƴata, yara suna zaune a ƙasa, allo ya tsage, abin ya tsaya mini a rai. Waɗanda ambaliyar Binuwai ta rushe wa ɗakuna, ku kawo hotuna, mu haɗa da sunayen zawarawa da marayu.

Gudummawar buga takardu sefa 500 ce, a miƙa wa ma'aji kafin Juma'a.

Allah ya ba da ikon zuwa, ya bar zumunci.

Naku,
Sakataren rukuni