Wasiƙa zuwa Yamai a kan haruffa masu ƙugiya

Unguwar Rimi, Kaduna
Daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da sauran mutanen Yamai. Mu ma nan sai godiya. Damina ta kankama, kogin Kaduna ya cika ya batse, shekaranjiya da na bi ta kan gada sai da na rage tafiya ina kallon ruwa. Hajiya ta warware daga ciwon ƙafar nan, har ta koma islamiyyarta ta yamma. Ta ce in gaishe ka da kyau.

Mun yi waya sau biyu a watan nan, layi yana yankewa, kuma maganar da nake so mu yi tana buƙatar natsuwa, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Taimakonka nake nema, amma bari in faro maka daga tushe.

Ka san tun shekarar 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, cibiyar da nake aiki ta koma koyarwa ta intanet a kan Moodle, manhajar da makarantu suke ɗora darussa da jarabawa a kanta. Shugabanmu kyautar ce ta ja shi, tun da ba a biyan kuɗin lasisi. Ni abin da ya kama zuciyata daban ne: a buɗe manhajar take, kowane layi na PHP, yaren kwamfutar da aka gina ta da shi, yana gabanka, ka karanta, ka gyara, ka ba wani. Martin Dougiamas, mutumin Ostireliya da ya ƙirƙiro ta ya fitar da ita a 2002, a yankin hamada ya tashi, inda aka koyar da shi karatu ta rediyo saboda nisan makaranta. Ranar da na ji haka na ƙara sonta. Wanda ya san zafin nisa ne ya yi ta, kuma ɗalibanmu da yawa nisa da ɗawainiyar gida ne suka hana su zaman aji.

Wasu daga cikin darussanmu da Hausa ake yin su, musamman na horar da malaman yaƙi da jahilci. Wata rana bara, bayan gwajin mako, wata baiwar Allah ta zo ofis daga Rigasa, da goyo a bayanta. Malama ce a wata islamiyya. Ta ciro wayarta mai fasasshen gilashi ta miƙo mini, ta ce, "Malam, don Allah duba mini, ina na yi kuskure?" Tambayar ita ce a kawo jam'in kalmar ɗa. Ta rubuta 'ya'ya, an ba ta sifili. Na duba amsar da malamin ya shigar, 'ya'ya ce ita ma. Na jera su biyun a fuskar kwamfuta, na ƙura musu ido, ban ga bambanci ba. Sai da na kwafe su na duba lambar kowane harafi sannan na gano bakin zaren: waƙafin sama da malamin ya buga miƙaƙƙe ne, nata kuwa wayarta ce ta lanƙwasa shi da kanta. A tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, na farko lambarsa 0027, na biyu 2019, akwai ma na uku mai lamba 02BC. Ido yana ganinsu ɗaya, kwamfuta tana ganin haruffa uku. Matar nan ta biya kuɗin mota daga Rigasa, ta bar ajinta, saboda abin da ba laifinta ba ne. Na gyara mata makin da hannu, ta yi godiya ta tafi, amma abin bai bar raina ba.

Da na bi sauran amsoshin ɗalibai, sai na tarar tsugune ba ta ƙare ba. Kalmar ƙasa kaɗai ta zo da kama huɗu. Wani ya rubuta ta daidai, wani ya rubuta kasa don wayarsa ba ta da ƙ, wani k'asa, yaran zamani kuma qasa, kamar yadda suka saba a Facebook da WhatsApp. Haka ɗaki, haka ɓera. Nau'in tambayar gajeriyar amsa da ke cikin Moodle yana ba malami damar jera amsoshi da yawa, ya kuma sa alamar tauraro a gurbin harafin da bai damu da shi ba, amma wane malami ne zai zauna ya rubuta kowace kalma sau biyar a tambaya arba'in? Tauraron kuma ƙofa yake buɗewa ga kowace irin amsa.

Abin da na fara yi kuskure ne, kuma ina gaya maka ne don kada ka maimaita shi a makarantarku. Na buɗe fayil ɗin uwar manhajar, wurin da ake gwada amsar ɗalibi da ta malami, na cusa layuka kamar goma. Aiki ya yi kyau, malamai suka yi ta sa albarka. Bayan wata huɗu muka tashi daga Moodle 4.1 zuwa 4.5, sabbin fayiloli suka hau kan tsofaffi, gyarana ya bi ruwa. Ban ankara ba sai da safe ana tsakiyar jarabawar ƙarshen zango, waya ta fara ruri. Ranar ban ci abincin rana ba. Ni da malamai biyu muka zauna har bayan isha'i, ga wuta an ɗauke, muna bin amsoshi ɗaya bayan ɗaya da hasken fitilar caji. Gini na yi a filin da ba nawa ba, mai fili ya zo ya share.

Alhali kuwa masu manhajar sun tanadi fili ga kowa. Shi ne abin da ake kira fulogin, ni kuma nake ce masa ɗan ƙari. Kusan duk abin da kake gani a Moodle ɗan ƙari ne: jarabawa, aikin gida, jigon ado, hanyar shiga da kalmar sirri, har nau'o'in tambayoyi. Kowane iri da foldarsa. Na ayyukan aji suna cikin mod, na gefen shafi suna cikin blocks, na tambayoyi suna cikin question/type, abin da bai dace da ko'ina ba kuma a kai shi local. Ka ajiye naka a foldarsa, ka shiga a matsayin mai kula, manhajar ta gan shi ta tambaye ka ko a girka. Idan aka zo sabuntawa, ka ɗauki foldarka ka mayar cikin sabon gida, babu abin da ya taɓa ta.

To, na zauna na rubuta nawa, nau'in tambaya. Ban fara daga ƙasa ba. Gado na sa ya ci daga gajeriyar amsar da ke akwai, na canza wuri guda kawai, inda ake gwada amsa da amsa. Sunansa qtype_lankwasa. Na so in rubuta shi da ƙ, amma ƙa'idar suna ba ta yarda da komai ba sai ƙananan haruffa daga a zuwa z, da lambobi, da layin ƙasa. Na haƙura.

Rubuta layukan bai ba ni wuya kamar yanke shawarar abin da ya kamata su yi ba. Da farko niyyata in maida kowace ƙ ta zama k, kowace ɗ ta zama d, a gwada, shi ke nan. Na kai wa dattijon da ke koyar da ƙa'idojin rubutu a cibiyar, mutum ne da ya shekara fiye da talatin a aji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauki biro ya rubuta a bayan wata ambulan: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, bari da ɓari. Ya turo mini ya ce, "Ɗana, idan na'urarka ta ce waɗannan ɗaya ne, me zan shiga aji in koyar gobe?" Gaskiyarsa. Malamar da ke koyar da kiwon lafiya kuma ta ce ita ba ruwanta da ƙugiya, idan ɗaliba ta san ƙyanda ce cutar, ta rubuta kyanda, a ba ta makinta. Ita ma gaskiyarta.

Daga nan na gane ba hurumina ba ne in yanke wa malami hukunci. Na sa zaɓi uku a kan kowace tambaya. Ko a tsananta, sai da ƙugiya. Ko a sassauta gaba ɗaya. Ko a tsaya tsakani: a karɓi k' da q a matsayin ƙ, tun da wanda ya rubuta su ya san akwai ƙugiya, waya ce ta hana shi, wanda kuma ya rubuta k tsura a rage masa maki gwargwadon yadda malam ya ƙayyade, a nuna masa daidaitaccen rubutun. Waƙafin sama kuwa, a duk zaɓin ukun ɗaya nake ɗaukarsu, saboda malamar Rigasa. Na tsakiyar nan shi na fi so, kuma shi dattijon ya zaɓa wa ɗaliban zangon farko.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ci mini lokaci, zan faɗa maka su tun da kai ma hannunka zai shiga. Fayil ɗin version.php shi ne katin shaidar ɗan ƙari. A ciki akwai lamba mai gurbi goma, shekara da wata da rana da ƙarin lamba biyu. Idan ka canza tsarin teburinka a rumbun bayanai ka manta ba ka ɗaga lambar nan ba, Moodle ba za ta ko kalli upgrade.php, fayil ɗin da ke aiwatar da canjin, ba, za ka yi ta neman laifi inda babu shi. Teburin kansa kada ka rubuta install.xml, fayil ɗin da ke bayyana tsarinsa, da hannu, akwai editan XMLDB a cikin shafin mai kula, shi zai fitar maka da shi yadda zai yi aiki a rumbunan bayanai na MySQL da MariaDB da PostgreSQL duka. Idan ka gyara rubutu ka ga bai canza ba, share ma'ajiyar wucin gadi kafin ka zargi kanka. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na kwafin darasi: wani malami ya kwafi darasinsa zuwa sabon zango, tambayoyin suka zo amma zaɓin ƙugiya ya ɓace, domin ban rubuta sashen adanawa da maidowa ba. Kwana biyu na yi a kansa.

Duk da haka, rage maki ko ƙara shi magani ne bayan ciwo. Abin da nake so shi ne ɗalibi ya iya buga ƙ ɗin tun farko. Don haka na sa maɓallai ƙanana a ƙarƙashin akwatin amsa, ɓ da ɗ da ƙ da manyansu, ka taɓa harafin ya faɗa inda kake rubutu. Ranar da muka gwada a aji, na tsaya bayan wani dattijo mai sayar da yadi a Kasuwar Barci, yana karatun yamma. Ya rubuta "aramar", ya tsaya, ya mayar da yatsa farkon kalmar, ya taɓa maɓallin, ƙ ta fito. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ashe tana ciki." Yanzu ina aikin ɗan ƙari na biyu, wanda zai sa irin maɓallan a editan rubutu na TinyMCE da Moodle ta shigo da shi tun 4.1, don masu rubuta dogon insha'i. Wannan kusan duk da yaren JavaScript ake rubuta shi, kuma a nan ƙafata ba ta da ƙarfi kamar taka.

Ga inda kake shigowa. Ku a Nijar ƴ kuke rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Kai ƴaƴa, ni 'ya'ya. Ina so ɗan ƙarin ya san wannan, malami ya zaɓi ƙa'idar ƙasarsa, ko ya karɓi duka biyun. Amma ban san yadda ɗalibanku suke bugawa ba idan wayar ba ta da harafin, ga shi kuma allon bugunku na Faransanci ne, jerin haruffansa daban da namu. Ina roƙonka ka tara mini misalai na gaske daga amsoshin ɗalibanka, ka cire sunayensu, ko guda ɗari ne, in ga irin kamannin da kalmomi suke zuwa da su. Ba na so in zauna a Kaduna in yi hasashen yadda yaron Damagaram yake rubutu.

Na biyu, ina da niyyar miƙa shi ga rumbun 'yan ƙari na Moodle, inda ake dubawa kafin a amince. Sharuɗɗansu ba su fi ƙarfinmu ba: lasisin GPL, wanda yake barin kowa ya karanta ya gyara ya ba wani, a bi salon rubutunsu, duk kalmar da mai amfani zai gani ta zauna a fayil ɗin harshe na Ingilishi, a kuma bayyana ko yana ajiye bayanan mutane. Namu ba ya ajiye komai na ɗalibi. Idan ya shiga, kalmominsa za su tafi AMOS, dandalinsu na fassara, a can nake so ka ɗauki nauyin Faransancin, ni da dattijon nan mai koyar da ƙa'idojin rubutu mu yi Hausar. Wani abokin aikina ya ce me ya sa ba zan sayar wa makarantu ba. Na ce masa shekara biyar ina cin gumin mutanen da ban taɓa gani ba, ba su karɓi ko kwabo a hannuna ba. Kuma idan yana hannuna ni kaɗai, ranar da na bar aikin nan ya mutu ke nan.

Saura aiki guda babba da ban taɓa ba, wato sa shi ya yi aiki a manhajar Moodle ta waya, wadda ɗalibi zai iya sauke jarabawa ya amsa ba tare da data ba idan malam ya ba da dama. Sabon nau'in tambaya sai an yi masa tanadi na musamman kafin ta gane shi. Yawancin ɗalibanmu da waya suke karatu, don haka ba zan ce na gama ba sai an yi wannan.

Na ɗora komai a GitHub, shafin da masu gina manhaja suke ajiye aikinsu, zan turo maka adireshin ta WhatsApp gobe da safe in Allah ya kai mu. Girka shi a kwamfutarka tukuna, kada ka kai shi sabar makaranta, ka kunna nuna kurakurai a matakin masu gini, duk abin da ya fito ka ɗauki hotonsa ka turo. Idan hutun ƙarshen shekara ya ba ka dama ka shigo, ɗakin baƙi yana nan, sai mu zauna a kan na wayar tare.

Ka gaishe mini da uwargida, ka shafa kan yara. Ka ce wa babban ina sane da alkawarin kwamfutar da na yi masa idan ya ci jarabawa.

Wassalam,
Naka amini